Yaya ake tantance mabuƙata a unguwa ba tare da an ba kura ajiyar nama ba?

Ɗanjuma:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin tantance mabuƙata. A ɗauka unguwa ce mai gidaje 240, an samu tallafin da zai ishi gidaje 50 kawai, an kafa kwamitin mutum bakwai su fitar da sunaye. Hanyoyi biyu aka fi bi: ko a ce manyan unguwa su kawo jeri, ko a raba takarda kowa ya rubuta abin da yake samu a wata. Ta farkon takan ƙare da sunayen dangi da yaran manya. Ta biyun kuwa ranar cika takarda kowa talaka yake komawa, har da mai mota a ƙofar gida.

Wanda ya fi damuna shi ne na can ƙasa, wanda ba ya zuwa taro kuma ba shi da mai ambaton sunansa. Akwai hanyar da aka gwada ta gane wa ke sama, wa ke tsakiya, wa ke ƙasa? Ina son bayani dalla-dalla: mutum nawa ake buƙata, me ake rubutawa, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe.

Malama Rabi:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗanjuma. Akwai hanya, kuma ba ta buƙatar kwamfuta. Ana kiranta jera gidaje da kati. Barbara Grandin ce ta tsara ta bayan aikin da ta yi da makiyayan Masai a Kenya, ta fitar da littafin jagoranta a 1988, tun daga lokacin ƙungiyoyin raya karkara suke amfani da ita.

Kafin a taɓa kati, aikin farko shi ne cikakken jerin gidaje, kuma a nan ne ake zaluntar na ƙasa tun ba a je ko'ina ba. Kada ku karɓi jerin da yake hannun wani tuntuni. A zana taswirar unguwar a babbar takarda, a bi lungu-lungu da ƙafa, mutum biyu a kowane lungu, ana sa wa kowace ƙofa lamba. Sai a tsayar da ma'anar "gida" tun farko a rubuta ta: mutanen da suke ci daga tukunya ɗaya. Da wannan ma'anar ƙofa ɗaya tana iya zama gidaje huɗu. A kowace ƙofa a yi tambaya ɗaya da ba a tsallakewa: bayan ku, akwai wani da yake kwana a nan yana girkinsa daban? Da ita ake gano 'yan haya na ɗakin baya, da tsohuwar da aka ba wa ɗaki a zaure, da matar da mijinta ya yi tafiya ya daina aike, da mai gadin da yake kwana a kango. Idan an fara da 240, kada ka yi mamaki jerin ya haura haka. Waɗanda suka ƙaru ɗin galibi su ne kake nema.

Sai kati. Kowane gida katinsa ɗaya, da lamba, da sunan mai gidan, da laƙabin da aka fi saninsa da shi, domin suna ɗaya yakan faɗa kan mutum uku. Kada a ba mutum ɗaya kati 240, ba wanda ya san gidaje masu yawan haka ciki da bai. A raba unguwar uku, gidaje 80 a kowane ɓangare. Amma a zaɓi gidaje kamar 10 da kowa ya sani, a yi musu kati a dukkan ɓangarorin uku. Su ne ma'aunin da za a daidaita ɓangarorin da shi daga baya, don kada "matsakaici" na ɓangaren masu hali ya zo daidai da "matsakaici" na ɓangaren da kowa ke fama.

A kowane ɓangare a samu masu jerawa uku zuwa biyar waɗanda suka daɗe a wurin, kuma kada su fito daga mataki ɗaya. Dole a samu mace, dole a samu wanda shi kansa ba shi da hali. Mai ƙaramin shago da unguwarzoma sukan san abin da manya ba su sani ba: wa ke karɓar bashi, wa ya sayar da gadonsa, gidan wa aka kwana ba a hura wuta ba. Kowa ya yi nasa shi kaɗai, a keɓe, ba ɗan kwamiti a tsaye a kansa. A karanta masa suna, ya ajiye katin a tsibin da ya ga ya dace, masu hali iri ɗaya a tsibi ɗaya. Kada a faɗa masa tsibi nawa zai yi. Wani zai yi uku, wani biyar. Idan tsibi ɗaya ya cinye fiye da rabin katunan, a roƙe shi ya sake raba shi. Da ya gama, a tambaye shi me ya haɗa mutanen kowane tsibi, a rubuta amsar da kalmominsa. Wannan bayanin shi ne ma'anar arziki da talauci a wurin, kuma zai yi muku amfani fiye da kowace takarda da aka kawo daga waje.

Lissafin maki ba shi da wuya. Tsibin masu hali shi ne na 1. A raba lambar tsibin da gida ya faɗa da yawan tsibin da mai jerawa ya yi, a ninka da 100. A ce mai jerawa na farko ya yi tsibi 4 ya sa gidan a na 3, maki 75 ke nan. Na biyu ya yi 5 ya sa shi a na 4, maki 80. Na uku ya yi 3 ya sa shi a na 3, maki 100. Jimilla 255, a raba uku, 85. Yawan maki, yawan buƙata. Duk katin da wani ya ba 25 wani ya ba 100, a ware shi gefe, ruwa ba ya tsami banza. Ko an rikita mutum biyu masu suna ɗaya, ko akwai gaba tsakanin mai jerawa da mai gidan, ko kuwa gidan ya faɗi kwanan nan saboda rashin lafiya ko rasuwa, wani ya ji wani bai ji ba.

Abu na ƙarshe, gajiya. A wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 640 na Indonesiya, wanda Abhijit Banerjee da Benjamin Olken da abokan aikinsu suka wallafa sakamakonsa a 2012, an ga cewa gidajen da aka jera a farkon zama an fi jera su daidai a kan waɗanda aka zo kansu a ƙarshe. Saboda haka a cakuɗa katunan kafin kowane mai jerawa ya fara, kuma idan zama ya wuce awa ɗaya a huta.

Malam Ila:

Bayanin Malama Rabi ya cika, sai dai ban yarda a tsaya a kan kati kaɗai ba. Kati ra'ayin mutane ne, kuma mutane sukan ji tausayin wanda suke gani yana kuka fiye da wanda ya rufa wa kansa asiri. A haɗa shi da ziyarar gida.

Maganar tambayar kuɗin shiga a bar ta gaba ɗaya. Ko da mutum ya so faɗin gaskiya, manomi da lebura da mai ƙaramar sana'a ba su da "abin da ake samu a wata". Wata ɗaya a samu, wata uku a rasa. Abin da ake dubawa shi ne wanda ido zai gani kuma ba a ɓoye shi cikin dare ɗaya: rufin ɗaki, daɓen ƙasa ko siminti, mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya, inda ake ɗebo ruwa da nisansa, akwai makewayi ko babu, da me ake girki, yara nawa suka isa makaranta kuma nawa ke zuwa. Rediyo da waya da akuya ana kai su gidan maƙwabci ranar ziyara, don haka kada a ba su nauyi sosai.

Idan kuna son tsarin da aka riga aka gina, ku dubi ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa da wata cibiya a Jami'ar Okusfod ta fitar tare da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2010. Alamomi 10 ne a fanni uku. Lafiya tana da biyu, rashin abinci mai gina jiki da mutuwar yaro, kowanne nauyinsa 1/6. Ilimi yana da biyu, shekarun karatu da zuwan yara makaranta, su ma 1/6 kowanne. Yanayin rayuwa yana da shida, wato makamashin girki, makewayi, ruwan sha, lantarki, ginin gida da kadarori, kowanne 1/18. Gidan da rashinsa ya kai kashi ɗaya bisa uku na jimilla, talaka ne. Misali, gidan da yaro ba ya zuwa makaranta, ana girki da itace, ba makewayi, ba lantarki: 1/6 da 3/18 sun ba da 1/3 cif, ya shiga.

Ita ma wannan hanya tana da ramukanta. Gidan gado mai kyan gini yakan ɓoye mutanen da ba su da na yau. Bashi ba ya bayyana a rufin ɗaki. Wanda ya rasa aikinsa watanni biyu da suka wuce har yanzu kayan ɗakinsa na mai aiki ne. Gwajin Indonesiya da Malama ta ambata ya auna hanyoyin biyu gefe da gefe. Idan aka ɗauki abin da gida yake kashewa a matsayin ma'auni, hanyar duba kadara ta yi kuskure a kusan kashi 30 cikin 100 na gidaje, hanyar da al'umma ke jerawa da kanta kuma kuskurenta ya kai kusan kashi 33 cikin 100. Amma inda al'umma ta yi jerin, ƙorafi ya ragu kuma mutane sun fi gamsuwa, domin suna la'akari da abin da takarda ba ta gani, kamar ƙarfin mai gida na nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Darasin da nake ɗauka a ciki shi ne kowace hanya ita kaɗai tana kuskure mai yawa.

Don haka ga shawarata a aikace. Bayan an jera da kati, gidaje 35 na farko a buƙata ba su da gardama, ziyara ta gajeren lokaci ta ishe su. Ƙarfinku ku zuba shi a kan na 36 zuwa na 70, tare da katunan da aka ware saboda saɓani. A nan ne maki biyu ko uku suke raba wanda ya samu da wanda ya rasa. Mutum biyu su je kowace ziyara, ɗaya mace, kuma kada a tura mutum lungunsu.

Baba Tanko:

Ɗanjuma, ɗana, ka tambayi wa ke sama wa ke ƙasa, kuma duk amsoshin da aka ba ka a kan dukiya suke. Matakan al'umma ba tsani ɗaya ba ne. Masanin zamantakewar nan na Jamus, Max Weber, ya raba su uku: dukiya, daraja, da iko, wato wa ke faɗa a ji. Sukan tafi tare amma ba kullum ba. A shekarun 1930 W. Lloyd Warner ya yi nazarin wani ƙaramin gari a jihar Masacuset ta Amurka, ya tarar mutanen garin sun kasa kansu mataki shida, kuma tsoffin gidaje masu asali suna sama da sabbin masu kuɗi ko da na biyun sun fi su dukiya. Daraja kuma ba ta bin doka da sauri. Japan ta soke matsayin ƙasƙantattun da ake kira burakumin tun 1871, tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamar Dalit, wato mutanen da ake ɗauka ƙasƙantattu tun daga haihuwa, a sashe na 17, amma a ƙasashen biyu wariyar ta ci gaba da bayyana a wajen aure da neman aiki shekaru da dama bayan haka.

Abin da wannan ke nufi ga katunanku shi ne, idan akwai rukunin mutanen da ake raina sana'arsu ko asalinsu ko ake kallonsu baƙi duk da sun shekara ashirin a wurin, masu jerawa za su ce "ban san su sosai ba" su ajiye katin gefe. Ku ƙirga irin waɗannan katunan. Idan sun taru a lungu ɗaya, ku nemo mai jerawa daga cikin lungun.

Akwai kuma ƙaramin bincike da nake ganin ya kamata kowane kwamiti ya yi wa kansa. A rubuta duk kujerun unguwa: kwamitin makaranta, na ruwa, na tsaro, na kasuwa, da naku. A sa makin katin kowane mai kujera kusa da sunansa. Idan kujeru 30 ne kuma babu ko ɗaya daga gidaje 48 da suka fi buƙata, wato kashi ɗaya bisa biyar na gidaje 240, kun ga dalilin da ya sa famfo da kwalbati suke ƙarewa a gefe ɗaya na unguwa.

Sannan ku fahimci yadda mataki yake zama gado, don tallafin kwana ɗaya ba ya taɓa shi. A ɗauki manomin da yake girbe buhu 10, gidansa kuma buhu 10 yake ci a shekara. Rashin lafiya ta sa ya sayar da 2, sai ya ranci 2 kafin kaka a kan zai biya 3. Ya biya, saura 7. Shekara ta biyu giɓinsa 3 ne, ya ranta ya biya huɗu da rabi, saura biyar da rabi. Shekara ta uku giɓin huɗu da rabi ne, biyansa ya kusa 7, abin da ya rage bai kai buhu uku da rabi ba. A nan ake jinginar da gona, a cire babban yaro daga makaranta ya tafi aikin lada, sau da yawa a gonar wanda ya ba da bashin. Ciwo ɗaya ne ya jawo duk wannan, ba lalaci ba, kuma yaron da aka cire zai fara tasa rayuwar ba gona ba takardar shaida. Wanda ake binsa bashi kuwa ba zai tashi a taro ya musa wa mai binsa ba. Shi ya sa ban yarda da jera mutane ta ɗaga hannu a bainar jama'a ba. A ziyarar da Malam Ila ya ce a yi, a ƙara tambaya biyu: akwai gona ko kayan sana'a da ke hannun wani a jingine? Akwai yaron da ya bar makaranta cikin shekaru biyu da suka wuce?

Ɗanjuma:

Allah ya saka muku da alheri, Baba na gode. Saura abu biyu. Idan ɗan'uwan ɗan kwamiti ya cancanta da gaske, a cire shi? Kuma a kafa jerin a bango kowa ya gani, ko hakan tona asirin mutane ne?

Hajiya Uwani:

Kada a cire shi, Malam Ɗanjuma, talauci bai san dangin kwamiti ba. Abin da ake yi shi ne tun kafin a fara jerawa kowane ɗan kwamiti ya rubuta lambobin gidajen da yake da alaƙa da su, ta jini, ta aure, ta haya, ta aiki ko ta bashi, ya sa hannu. Duk sanda aka zo kan ɗaya daga cikinsu ya fita waje, kuma ziyarar gidan ta zama dole ko makinsa ya kai 100. Kwamitin mutum bakwai kuma ya kamata a ce aƙalla biyu daga cikinsu sun fito daga rabin ƙasa na jerin. Don adalci in faɗa, gwajin Indonesiya bai samu shaidar cewa manyan ƙauye sun karkatar da jerin zuwa danginsu ba. Sai dai a can akwai jami'i daga waje da ƙa'ida a rubuce, kuma irin wannan shingen ne ake so ku kafa.

Game da bango, sunayen gidajen da aka zaɓa kaɗai ake kafawa, tare da ƙa'idojin da aka bi. Maki, da tsibin da kowa ya faɗa, da sunayen masu jerawa, duk a kulle su. Idan maki ya fita, kun ƙirƙiro sabon abin gori da zai bi yara har makaranta, kuma masu jerawa ba za su sake faɗin gaskiya ba. Kafin a kafa, a sanar da kowane gida a keɓe, wanda bai so sunansa ya fito ba a sa lambarsa. Ba duka ke iya karatu ba, don haka a karanta jerin da baki a wurare biyu ko uku, a lokutan da mata da masu aikin yini za su samu zuwa.

A ba da kwana 14 na ƙorafi. Masu sauraron ƙorafi su zama mutum uku da ba sa cikin kwamitin bakwai ɗin, kuma a karɓa da baki, a rubuta wa mutum a karanta masa. Wajibi ne a bar gurbi: a fitar da 45 da farko, a riƙe 5 don waɗanda ƙorafinsu ya tabbata. Idan an cike 50 tun farko, duk ƙorafin da ya yi nasara yana nufin zare sunan wani da ya riga ya sa rai, kuma daga nan gaba take tashi tsakanin maƙwabta.

Tun da kun sha wahalar haɗa jerin, ku ɗan auna girman tazarar ma. A jera gidaje 240 bisa filin noma ko ɗakunan haya ko dabbobin da suka mallaka, a kasa su biyar, 48 a kowane kaso, a duba abin da ke hannun kason sama da na ƙasa. Da rabo daidai ne, kowane kaso zai riƙe kashi 20 cikin 100. Ma'aunin da masanin ƙididdiga Corrado Gini ya fitar a 1912, mai tafiya daga 0 zuwa 1, irin wannan tazarar yake taƙaitawa a lamba ɗaya, amma kasa biyar ɗin ya fi saurin shiga kunnen jama'a.

Wani abu da ya kamata masu kwamiti su riƙe shi ne binciken Raj Chetty da abokan aikinsa na 2022, wanda ya duba abokantakar mutum kimanin miliyan 72 a Facebook a Amurka. Sun samu cewa yawan abota tsakanin marasa hali da masu hali yana cikin alamomi mafi ƙarfi na ko yaron talaka zai haura matakin iyayensa. Idan tallafin na karatu ne, kada a ware wa yaran da aka zaɓa aji ko layi ko kaya na daban da zai nuna su. A biya ta hannun makaranta a rufe, su zauna benci ɗaya da kowa.

Jerin kuma yana tsufa. Rasuwar mai gida, gobara ko doguwar jinya suna sauke gida tsibi biyu cikin watanni kaɗan. A sake jerawa gaba ɗaya bayan shekara biyu, a canza aƙalla rabin masu jerawa, sannan a tsakani a buɗe littafi ɗaya da ake shigar da gidan da irin wannan ta faɗa masa, da kwanan wata da sa hannun shaidu biyu daga lungunsu.